Yadda Ake Zana Haruffa Masu Serif Daga Bakin Alƙalami, da Inda Ya Dace a Yi Aiki da Su

Ɗauki littafin da aka buga da salon haruffan Palatino ko Bembo, ka matso da idonka kusa da harafin o. Zoben nan kaurinsa ba ɗaya ba ne. In ka ɗauke shi a matsayin fuskar agogo, ya fi siranta wajen ƙarfe 11 da ƙarfe 5, ya fi kauri wajen ƙarfe 2 da ƙarfe 8. Ba wanda ya zauna ya ƙago wannan karkatar don ado. Sawun alƙalami ne mai faɗin baki da aka riƙe a karkace, kuma duk salon haruffan da ke wannan gida daga nan ya gado kamanninsa. Serif kuwa su ne 'yan ƙafafun da ake gani a ƙarshen sandar harafi, sama da ƙasa, inda alƙalami ya shiga da inda ya fita.

Nicolas Jenson ya sassaƙa irin waɗannan haruffa a birnin Benis a 1470, yana kwaikwayon hannun marubutan Italiya na zamaninsa. Francesco Griffo ya yi wa maɗaba'ar Aldus Manutius nasa, har da italik, wato haruffa masu jingina dama, na farko da aka buga littafi da shi a 1501. Hermann Zapf na Jamus, wanda shi kansa gwanin rubutun hannu ne, ya fitar da Palatino wajajen 1950, ya raɗa masa sunan Giambattista Palatino, malamin rubutu na ƙarni na 16. Akwai wani gidan daban, na su Bodoni da Didot na ƙarshen ƙarni na 18, wanda kaurinsa ke fitowa daga danna alƙalami mai tsini. Nasu o ɗin a miƙe yake, sirantarsa daidai ƙarfe 12 da ƙarfe 6. Ka zaɓi gida ɗaya tun farko. Wanda ya gauraya su, haruffansa za su yi kama da 'ya'yan da ba uwa ɗaya ba uba ɗaya.

Kayan aiki

Nemi alƙalami mai faɗin baki wanda bai gaza milimita 3 ba. Pilot Parallel mai milimita 3.8 ya wadatar, haka ma bakin ƙarfe na Brause ko Speedball da ake tsomawa a tawada. Ƙaramin baki yana rufa wa kuskure asiri, babba yana tona shi, shi ya sa ake son babban. In babu ko ɗaya, ɗaure fensir biyu da roba, tsininsu a jere, za su zana maka gefe biyu na kowane layi. Sai baƙar tawada, da takarda mai santsi wadda ba ta shan tawada ta baje, da rula, da abin auna kusurwa, da sikana. A kwamfuta kuma akwai manhajojin zana haruffa: Glyphs da RoboFont na masu Mac, da FontLab, da FontForge wanda kyauta ne.

Mataki na 1: ja layuka, ka tsayar da kusurwa

Ba da rula ake fara awo ba, da bakin alƙalamin ake yi. Riƙe shi yadda bakin zai tsaya a miƙe, ka jera 'yan murabba'ai ɗaya bisa ɗaya kamar matakala. Tsayin ƙananan haruffa irin su n da o da x, wanda ake kira tsayin x, ya zama faɗin baki huɗu da rabi. Da alƙalami mai milimita 3.8, wajen milimita 17 ke nan. Ƙara faɗin baki uku a sama don wuyan b da d da h da l, da wajen biyu da rabi a ƙasa don jelar p da q da g. Manyan haruffa su tsaya a shida da rabi, wato ƙasa da wuyan l kaɗan. Haka tsofaffin haruffan wannan gida suke, kuma shi ke hana manyan haruffa yin ihu a tsakiyar shafi.

Yanzu karkata bakin alƙalamin digiri 30 daga layin da haruffa ke zama a kai, gefen dama yana sama. Wannan ita ce kusurwar da Edward Johnston ya koyar a Ingila a farkon ƙarni na 20, kuma lissafinta mai sauƙi ne. A digiri 30, sandar tsaye tana fitowa da kashi 87 cikin ɗari na faɗin bakin, layin kwance kuma rabi. In ka kai digiri 45, tsaye da kwance duk za su dawo kashi 71, sai harafin ya rasa ƙashin bayansa. In ka sauko kusa da sifili, sanduna su yi jibga-jibga, layukan kwance su koma kamar gashi.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne juya alƙalamin ba da saninsa ba yayin da yake zagaya lanƙwasa. Wuyan hannu ne ke jawo haka. Kafe yatsu da wuyan hannu, ka bar damtse ya yi tafiyar. A kusurwar takardar ka zana ɗan layi mai digiri 30, kana aza bakin alƙalamin a kansa bayan kowane harafi biyar. Kada ka danna, kada kuma ka tura alƙalamin sama ko hagu, don zai cije takarda ya fesa tawada. Ja ake yi, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama.

Mataki na 2: n da o kafin kowa

Haruffa biyun nan su ne iyayen sauran. O ana rubuta shi da ja biyu: daga ƙarfe 11 a gangaro ta hagu zuwa ƙarfe 5, a ɗaga hannu, a koma ƙarfe 11 a bi ta dama. Wurin haɗuwar biyu shi ne wuri mafi siranta, don haka ɗinkin ba ya nunawa in an dace. Lura da farin da ke cikinsa fiye da baƙin. Ya kamata ya yi kama da ƙwai da ya ɗan jingina hagu.

N kuma sanda ce da kafaɗa. Kafaɗar ta tsiro daga cikin sandar, kusa da sama, siririya, ta yi kauri tana juyawa, ta sauko a miƙe. Lanƙwasarta ta yi daidai da saman o. In kafaɗar ta fi o tsini, ko ta fi shi faɗi, za ka ga bambancin ya bi duk haruffan da za su biyo baya.

Rubuta kowanne sau hamsin, ka zagaye uku da suka fi kyau. Daga n za ka samu h da m da r da u da i da l. Daga o za ka samu c da e da b da d da p da q. A nan akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani tun kafin a je kwamfuta: kada ka juya b ta madubi don ka samu d. Madubi yana mayar da karkatar kaurin ta koma ɗaya gefen, abin da hannun dama ba zai taɓa rubutawa ba, kuma ko wanda bai san komai a kan haruffa ba zai ji wani abu ya tsaya masa a ido.

Sandar tsakiyar e zaɓi ne. Jenson ya karkata tasa, haka Centaur na Bruce Rogers da ya bi sawunsa. Griffo ya kwantar da tasa, kuma yawancin na baya shi suka bi. Karkatacciyar ta fi nuna hannu, kwantacciyar ta fi natsuwa a dogon karatu. Bar a da g da s zuwa ƙarshe, su ne masu taurin kai. S musamman: kaurinsa a gadon bayansa yake, kuma cikinsa na ƙasa ya ɗan fi na sama girma, in ba haka ba sai ya yi kamar zai kifa.

Da ka samu n, o, h, a, d, i, fara rubuta kalmomi: nono, inda, hani, dana. Harafi shi kaɗai ba ya faɗin gaskiya sai ya shiga cikin 'yan'uwansa.

Mataki na 3: serif

Na sama, a kan n da i da l da makamantansu, ɗan tsini ne mai gangara wanda gangarensa ke bin kusurwar alƙalami. Na ƙasa kwance yake, yana haɗuwa da sanda ta 'yar lanƙwasa, ba a kusurwa mai kaifi ba. Masu zane da yawa kan ɗan rarake tafinsa kaɗan, yadda tsakiyar za ta ɗaga sama da gefuna, domin layin da yake a miƙe sak ido kan gan shi kamar ya kumbura. Ba dole ne gefen hagu da na dama su zo daidai ba. Ɗan bambancin nan yana cikin abin da ke sa harafin ya yi rai.

Zana serif ɗin ƙasa guda ɗaya, na sama guda ɗaya, ka yi ta amfani da su a ko'ina. Hannu ba ya maimaita abu sak, amma salon haruffa dole ya maimaita, domin e ɗaya zai iya bayyana sau ɗari biyu a shafi, kuma duk wata 'yar gargada da ta yi kyau sau ɗaya za ta gundiri mai karatu a karo na hamsin.

Mataki na 4: shiga kwamfuta

Yi sikanin a ɗigo 600 kowane inci, launin toka, ka saka hoton a bayan filin zane. Manhajar tana raba filin kowane harafi gida 1000, ko 2048 a tsarin fayil ɗin haruffa na TrueType. Mu ɗauki 1000. In ka sa tsayin x a gida 440, lissafin da muka yi a baya zai ba ka sandar tsaye mai kauri wajen gida 85, layin kwance wajen 49. Manyan haruffa su kai 640, wuyan l ya kai 720 ko 730, jela ta sauka wajen 240 ƙasa da layi. Serif ɗin ƙasa ya fito gida 55 zuwa 70 a kowane gefe, kaurinsa 30 zuwa 40.

Akwai maɓallin da ke bin gefen hoto ya zana maka da kansa. Rabu da shi. Zai kwashe duk wani zazzagon tawada da gashin takarda, ya ba ka ɗigo ɗari inda goma sha biyu suka isa, kuma gyaransa ya fi sabon zane wahala. Zana da hannunka, ka kiyaye abu uku. Na ɗaya, sa ɗigo a ƙarshen kowace lanƙwasa, wato can sama, can ƙasa, can hagu da can dama. Na biyu, hannuwan, wato 'yan layukan da manhajar ke fitarwa daga waɗannan ɗigogin don jan lanƙwasar, su kasance a kwance sak ko a tsaye sak. Na uku, tsawon kowane hannu ya kai wajen kashi 55 cikin ɗari na tazarar da ke tsakanin ɗigon da kusurwar da lanƙwasar take zagayewa. In ya gaza sai lanƙwasar ta tsuke, in ya zarce ta koma kamar akwati. To ta yaya za a samu karkatar o alhali hannuwa duk a miƙe suke? Ta hanyar gusar da ɗigogin zoben ciki: na sama ya matsa hagu, na ƙasa ya matsa dama, na hagu ya ɗaga ko ya sauka gwargwadon abin da hoton ya nuna.

Zana sanda daban, kafaɗa daban, serif daban, su hau kan juna kamar yadda jan alƙalami ke hawa kan juna. Hakan zai ba ka damar matsar da ɗaya ba tare da ka lalata ɗaya ba. Manhajar za ta narkar da su wuri guda lokacin fitar da fayil.

Mataki na 5: inda za ka saɓa wa alƙalami

Alƙalami malami ne, amma ido ne alƙali. A nan ne rubutun hannu yake zama haruffan bugawa, kuma a nan masu koyo suka fi tuntuɓe, don suna ganin duk abin da alƙalami ya yi daidai ne.

Fara da wurare masu siranta. A hoton, ƙarfe 11 na o zai iya zuwa gida 10 kacal. Yi lissafi: poyin shi ne ma'aunin girman rubutu, kuma rubutu mai girman poyin 10 milimita 3.5 ne, don haka gida 10 bai wuce milimita 0.035 ba. Ɗigo ɗaya na firinta mai 600 ya kai milimita 0.042. Wato layin bai kai ɗigo ɗaya ba, zai tsinke ko ya ɓace. Ƙara shi zuwa gida 28 ko 35 in don rubutun karatu ne. In don kanun labari ne kawai, 15 zuwa 20 ya yi.

Sai ƙetare layi. Harafi mai zagaye da ya tsaya daidai kan layi ɗaya da n zai yi kamar ya fi shi gajarta, domin ɗan wuri kaɗan ne ya taɓa layin. Bar o da c da e da s su ƙetare sama da ƙasa da gida 10 zuwa 14. Masu tsini kamar v da w da A suna bukatar fiye da haka. Haka nan wuri mafi kauri na lanƙwasa ya fi sandar tsaye da gida 5 zuwa 10, in ba haka ba o zai yi kamar ya rame kusa da n.

Mahaɗa kuma wurin taruwar baƙi ne. Inda kafaɗar n ta rabu da sanda, inda ƙafafun v suka haɗu, da cinyar k, duk sukan cushe in rubutun ya ƙanƙance. Sirantar da layin kafin ya shiga mahaɗar, ka zurfafa farin da ke tsakani. A babban allo zai yi kamar ka wuce gona da iri, a takarda zai zo daidai.

Mataki na 6: manyan haruffa

Asalinsu daban ne da na ƙanana. Daga rubutun da Rumawa suka sassaƙa a dutse suka fito, wanda mafi shahara shi ne na gindin ginshiƙin Trajan a birnin Rum, na shekara ta 113. Edward Catich ya kafa hujja cewa da burushi mai faɗin baki aka fara rubuta su kafin a bi da kurfi, shi ya sa suka jitu da ƙananan haruffan alƙalami. Fara da H da O. O da C da D da G da Q masu faɗi ne, kusan da'ira. E da F da L da S da B da P matsattsu ne, wajen rabin faɗin O. Sandarsu ta fi ta ƙanana kauri da kashi 10 cikin ɗari ko sama da haka kaɗan, wato wajen gida 95.

Harafin A ƙafarsa ta hagu siririya ce, ta dama mai kauri. V akasin haka. Duk daga kusurwar nan ta digiri 30 ne: layin da ya gangara dama yana da kauri, wanda ya hau dama siriri ne. Biyu ne suka fita zakka. N sandunansa na tsaye ake sirantawa a bar na tsakiya da kauri, don kada ya yi baƙi ƙirin. Z kuma da an bi alƙalami da layin tsakiyarsa ya zama zare, sai ake kwantar da bakin a ba shi kauri.

Mataki na 7: tazara

Rabin kyan haruffa a tazara yake, kuma tun kana da n da o za ka fara, ba sai ka gama ba. Rubuta nnnn. Farin da ke tsakanin sandar n ɗaya da ta mai bi mata ya yi kusan daidai da farin da ke cikin n ɗin, ya ɗan gaza kaɗan. Raba wannan tazarar biyu, ka ba gefen hagu rabi, gefen dama ƙasa da rabi kaɗan saboda kafaɗarsa ta riga ta bar fili a sama. Sai ka rubuta nnonoonn kana rage gefunan o har sai ba inda ya buɗe ba inda ya matse. Kowane gefe miƙaƙƙe zai ari lambar n, kowane gefe mai zagaye ya ari ta o. A manya, H da O ne ke wannan aikin. Filin da ke tsakanin kalma da kalma ya zama gida 200 zuwa 250.

Gyaran tazarar biyu-biyu shi ne na ƙarshe, na haruffan da siffarsu ke barin rami, irin su Ta, To, Tu, Ya, Wa da AV. In ka ga kana gyara nau'i ɗari a tsakanin ƙananan haruffa, ba su ne matsalar ba, koma ka duba n da o.

Haruffa masu ƙugiya, italik da sauran tarkace

Salon haruffan da ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manhaja za ta aro su daga wani salon, sai ka ga kalma ɗaya da hannu biyu. Kowanne yana da lambarsa a Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi: ɓ 0253, Ɓ 0181, ɗ 0257, Ɗ 018A, ƙ 0199, Ƙ 0198, ƴ 01B4, Ƴ 01B3. Ari ƙugiyar daga kan f, ka rage mata faɗi, ta ƙare da irin ƙarshen da ka ba f da r da c. Ta ɓ da ta ƙ ba su da rigima, don a saman jikinsu suke rataye. Ta ɗ ce ke leƙawa gidan maƙwabci: gwada faɗi, ɗinki da haɗaɗɗe, ka ga ko ta bugi ɗigon i ko wuyan ɗ na biyu, ko alamar tambaya. Ɓ da Ɗ tasu ƙugiyar hagu take fita, don haka a ba su fili ta can. Shi ma f yana karo da ɗigon i, kuma a kalmomi irin su lafiya, tafiya da fita hakan zai yi ta faruwa. Zana fi a haɗe, ka sa shi ƙarƙashin umarnin liga na OpenType, tsarin fayil ɗin haruffa, don ya riƙa shiga da kansa.

Italik sabon zane ne, ba kishingiɗar da tsayayyun haruffa ba. Koma kan takarda, ka ɗaga kusurwar alƙalami zuwa digiri 40 ko 45, tsayin x faɗin baki biyar, haruffan su jingina dama digiri 6 zuwa 12. O ya matse, kafaɗar n ta tsiro daga can ƙasan sanda, harafin a ya koma mai ciki ɗaya, f ya sauke jela ƙasa da layi. Manyan haruffa masu doguwar jelar ado ka ajiye su gefe ƙarƙashin umarnin swsh, mai amfani ya kira su in ya so. Lambobi kuma iri biyu ake so: masu hawa da sauka kamar ƙananan haruffa don cikin zance, da masu tsayi ɗaya da faɗi ɗaya don jadawali.

Gwaji

Allo yana yaudara. Buga cikakken shafi a poyin 9, 11 da 14, ka manna a bango, ka ja baya taku uku ka kanne ido. Shafin ya zama toka mai laushi ɗaya. Duk inda ka ga baƙin tabo, harafin wurin ya yi kauri ko ya matse. Inda ka ga rami, tazara ta yi yawa. Juya takardar ƙasa a sama ka sake dubawa, don in ido ya kasa karanta kalma sai ya koma kallon siffa. Yi alama da jan biro, ka gyara abu ɗaya rak a kowane zagaye, ka rubuta kwanan wata a takardar. In ka canza abu biyar lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Inda suka dace da inda ba su dace ba

Gidansu na asali dogon karatu ne: littafin labari, waƙa, tarihi, mujalla. A takarda poyin 10 zuwa 12, tazarar layi kashi 120 zuwa 145 cikin ɗari na girman rubutun, kowane layi harafi 45 zuwa 75. Masu dogon wuya da gajeren tsayin x, irin Centaur, sukan yi kamar sun fi girmansu ƙanƙanta, don haka a ƙara musu poyin ɗaya. Wanda aka zana don manyan kanu ba lallai ya yi kyau a ƙaramin rubutu ba. Zapf da kansa ya fitar da Aldus a 1954 a matsayin ɗan'uwan Palatino da ya fi dacewa da cikin littafi.

Suna kuma haskawa a bangon littafi, takardar shaida, katin gayyata, tambarin kamfani da kwalin kaya, duk inda ake son a ji ɗumin hannun mutum ba tare da an rasa kamala ba. A nan ne jelar ado ke da amfani, amma ɗaya a farkon kalma ko biyu a layi sun isa. Jera kalma gaba ɗaya da manyan haruffa masu jela ba ta karantuwa, ƙugiyoyin sai su sarƙe da juna. In za a rubuta kalma da manya zalla, a yi da tsayayyu, a buɗa tazararsu da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari.

Kada a kai su allon hanya da ake karantawa a guje, ko 'yan ƙananan maɓallan manhajar waya, ko jadawali mai cunkoson lambobi. Farin rubutu ƙarami a kan baƙin fili ma haɗari ne, don tawada tana malalowa ta cinye siraran layukan. In dole ne, a ɗauki mai ɗan kauri a ƙara girma. Haka injin yankan sitika da na ɗinkin zare ba sa jure layin da ya yi siranta. A shafin intanet kada a sauka ƙasa da fiksel 16.

In za a haɗa su da salon da ba shi da serif, a nemi wanda shi ma ƙashinsa na alƙalami ne, kamar Gill Sans ko Frutiger ko Optima. Salo biyu na wannan gida ɗaya a shafi guda kuwa kishiyoyi ne, kamanninsu ya yi yawa, bambancinsu bai isa ba. A kuma kula da maɓallan kauri da na italik a manhajar rubutu: in ba a girka ainihin fayilolinsu ba, manhajar za ta kumbura haruffan ko ta ture su gefe da kanta, karkatar kaurin da aka sha wahala a kanta ta lalace.

Wanda ba zane zai yi ba, zaɓe kawai yake so, zai iya duba Gentium na Victor Gaultney, wanda ke da haruffa masu ƙugiya, ko Alegreya na Juan Pablo del Peral. Duka biyun suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda a yi aiki da su har a gyara su, sai dai ba a sayar da fayil ɗin shi kaɗai, kuma in mai shi ya keɓe sunan, dole wanda ya gyara ya canza suna. Buɗe irinsu a FontForge ka ga inda aka sa ɗigogi, makaranta ce mai zaman kanta.

Fitar da fayil

OTF ko TTF don kwamfuta, WOFF2 don shafin intanet. Kafin ka fitar, sa manhajar ta narkar da layukan da suka hau juna, ta kuma daidaita alkiblar zobba, don in zoben ciki da na waje suka bi alkibla ɗaya, cikin o zai cike da baƙi. Duba iyakar sama da ta ƙasa da ka rubuta a bayanan fayil ɗin, su wuce harafi mafi tsayi da jela mafi zurfi, in ba haka ba wasu manhajojin za su fille kan ƙugiya ko su datse jelar g. Tsayayye da italik da mai kauri su ɗauki sunan iyali ɗaya, sunan salo ne kawai zai bambanta. Kuma duk lokacin da ka fitar da sabon gwaji, cire tsohon ka rufe manhajar rubutun ka sake buɗewa, ko ka ƙara lamba a sunan, domin kwamfuta takan riƙe tsohon a ma'ajiyarta ta ci gaba da nuna maka shi, kai kuma kana ta gyaran abin da ka riga ka gyara.